Shawarar da Ake Ba Mai Koyon Fotugis kan Buga Wasula Masu Alama

Jagororin koyon harshen Fotugis sukan keɓe ɗan wuri don nuna yadda ake buga wasula masu alama a kwamfuta. Shawararsu iri biyu ce. Ko dai ɗalibi ya haddace lambobi, ya danne Alt ya buga 0225 ya sami á, ko 0227 ya sami ã. Ko kuwa ya sauya tsarin madannansa zuwa wanda ake kira US-International. Duka biyun an yi su ne domin mai allon Ingilishi, wanda ba shi da alama ko ɗaya. Ɗalibin Maraɗi ko na Damagaram kuwa allon Faransanci ne a gabansa, watau AZERTY, kuma Hausa yake rubutawa.

Alamun nan ba ado ba ne. A Fotugis país ƙasa ce, pais iyaye. É na nufin "ne", e na nufin "da". Avô kaka namiji, avó kaka mace.

To, mu duba AZERTY. Yana da é, à da ç. Yana da hular da ke ba da â, ê, ô, har ma alamar hanci ta ã da õ tana nan ɓoye ƙarƙashin AltGr da 2 a Windows. Abin da ya rasa shi ne karan da ke kan é a matsayin madanni mai zaman kansa, saboda haka babu á, í, ó, ú. Ɗalibi zai iya rubuta kakansa, ba zai iya rubuta kakarsa ba. Wannan giɓi ɗaya shi ne duk matsalarsa, amma sai a ɗora masa jerin lambobi da rabinsu ba ya bukata. Hukumar AFNOR ta Faransa ta gyara giɓin a sabon tsarinta na 2019, sai dai tsohon allon ne ya cika kasuwa.

Shawara ta biyu ta fi ɓarna. A US-International baƙin hamza madanni ne mai jira: in an buga shi sai ya hau wasalin da ya biyo. Nan take jama'a ta koma jamaá, sa'a ta koma saá, sai fa in an bi shi da tazara kowane karo. Wanda ya ba da shawarar bai yi zaton akwai harshen da wannan alama take baƙi a cikinsa ba. Bugu da ƙari, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba su cikin tsarin sam, kamar yadda ba su cikin jerin Latin-1 na 1987, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai. Unicode kuwa ta ƙunshe su tun farkon shekarun 1990. Ke nan kwamfuta ta san su, a allon ne ba a ba su wuri ba.

Mutanen Burazil ba su haddace lambobi. Allonsu, ABNT2, ya ba Ç madanninsa kusa da L, ya ba karan da alamar hanci nasu. Irin wannan aiki ne ke jiran masu tsara yaƙi da jahilci a nan: a ɗauki AZERTY da kowa ya saba da shi, a ƙara masa madannin kara da baƙaƙen Hausa huɗun nan, a bar hamza yadda take.