Alƙiblar Binciken Hausa a Jami'o'i da Tasirin Magabata: Tsokaci Daga Kasuwar Malanville

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya zo rubuta kundin digiri, babi na biyu ne kan fara ɗaure masa kai, wato bitar ayyukan da suka gabata. A wannan babi ake gane masanan da ɗalibi ya karanta da waɗanda sunansu kawai ya ji, kuma a nan ake ganin inda akalar bincike ta karkata a sashen da ya yaye shi. Wannan takarda ta yi tsokaci a kan abubuwa biyu masu alaƙa da juna. Na farko shi ne yadda tasirin wasu masana ya shata wa binciken Hausa hanya a jami'o'i. Na biyu kuma shi ne abin da wannan hanya ta bari a gefe. An ɗauki garin Malanville na Jamhuriyar Benin a matsayin zakaran gwajin dafi, domin gari ne da ake ciniki da Hausa a kasuwarsa kullum, amma da wuya ɗalibin Hausa ya ci karo da sunansa a littattafan da ake koyar da shi da su.

2.0 Tushen Tasiri a Nazarin Hausa

Nazarin Hausa irin na zamani ya girmi jami'o'in ƙasar Hausa da fiye da shekara ɗari. J. F. Schön ya buga nahawunsa a 1862, ƙamusun G. P. Bargery ya fito a 1934, Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1962 aka kafa ta. Ke nan lokacin da aka buɗe sassan koyar da Hausa a Zariya da Kano da Sakkwato, an tarar da gini ya riga ya yi nisa, kuma rukunin farko na malaman waɗannan sassa a ƙasashen waje suka yi digirinsu na uku. M. K. M. Galadanci ya kammala nasa a Landan a 1969 a kan yankin suna. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi nasa a Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata. Ɗalhatu Muhammad ya yi nasa a Landan a 1977 a kan Aƙilu Aliyu.

Daga wannan tushe aka sami manyan hanyoyi guda uku da bincike ya bi. A fannin harshe, rabe-raben aikatau da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960 ya zama ma'aunin da kowa ke komawa gare shi, ko dai ya yarda da shi ko ya yi masa gyara, har zuwa manyan littattafan nahawu na Ekkehard Wolff a 1993 da Paul Newman a 2000 da Philip Jaggar a 2001. A fannin adabi, tsarin feɗe waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau (1993) da ayyukan Abdullahi Bayero Yahya a kan jigo da salo sun ba ɗalibai matakai da za su bi daki-daki. Hanya ta uku ta buɗe a shekarun 1990 da muhawarar adabin kasuwar Kano, wadda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi fice a cikinta, daga nan kuma aka gangaro kan finafinan Hausa.

Babu mai musun alherin waɗannan ayyuka. Da ba don su ba, da ba a iya koyar da Hausa da Hausa tun daga digirin farko har na uku ba. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda tsarin da aka yi domin ya zama jagora yakan rikiɗe ya zama ƙa'idar da ba a tsallakewa. Sai a ga ɗalibi ya ɗauko mawaƙi, ya kawo tarihinsa, ya fitar da jigo da warwararsa, ya lissafo kamance da jinsintarwa, ya rufe kundi. Na bayansa ya sauya sunan mawaƙin ya sake bin sawun nan. Irin wannan aiki yana taskace waƙoƙi, wanda abu ne mai amfani, amma ba ya haifar da sabuwar tambaya. Laifin kuwa na masu bin sawu ne fiye da masu shata hanya, domin su magabatan tambayoyin zamaninsu suka amsa.

3.0 Yadda Ake Auna Tasiri

A jami'o'in duniya a yau, ana auna tasirin masani da yawan ambaton ayyukansa a rubuce-rubucen wasu. Eugene Garfield ne ya fito da kundin ƙididdigar ambato na fannonin kimiyya a 1964. A 2004 aka buɗe rumbunan Scopus da Google Scholar a intanet, a 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo ma'aunin da ke haɗa yawan maƙalu da yawan ambato a lamba guda. Masu nazarin ilimin jami'a sun rungumi wannan hanya, suna zana taswirar wa ke ambaton wa, da wace mujalla ce ke kan gaba, da wane batu ne ke tashe.

Idan aka ɗora wannan sikeli a kan nazarin Hausa, sai a ga ya yi tawaya ta fuska uku. Ta farko, rumbunan sun fi ɗaukar abin da aka rubuta da Ingilishi, alhali kaso mai yawa na binciken Hausa da Hausa ake yin sa, a kundaye da mujallun sassa irin su Harsunan Nijeriya da Algaita da Ɗunɗaye. Littafi kamar Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya (1988) ya ratsa hannun ɗaliban da ba su ƙirguwa, amma na'ura ba ta ganin mafi yawan kundayen da suka ambace shi. Ta biyu, ambato yana jawo ambato. Robert Merton ya yi bayanin wannan tun 1968, cewa wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa. Ɗalibi yakan kwafo jerin sunayen da ya gani a kundin wani, ba tare da ya buɗe littattafan ba. Ta uku, ƙididdiga tana iya nuna abin da aka yi nazari a kansa, amma ba ta da bakin faɗin abin da aka ƙyale.

Masanin falsafa ɗan ƙasar Benin, Paulin Hountondji, wanda ya rasu a 2024, ya daɗe yana sukar abin da ya kira fuskantar waje a binciken Afirka, wato masani ya zaɓi batu da harshe da mujalla bisa buƙatar masu karatu na Turai. Ana iya faɗaɗa wannan suka zuwa cikin gida. Kamar yadda Landan da Indiyana suka zama cibiya ga Kano da Zariya, haka Kano da Zariya da Sakkwato suka zama cibiya ga sauran wuraren da ake jin Hausa. Malanville na cikin wuraren da wannan nisa ya shafa ninki biyu.

4.0 Malanville a Idon Masu Bincike

Malanville yana jihar Alibori a ƙarshen arewacin Benin, a bakin kogin Kwara, fiye da kilomita 700 daga Kwatano. Gada ce ta haɗa shi da Gaya ta Jamhuriyar Nijar, kuma Kamba ta jihar Kebbi ba ta da nisa daga nan. Ƙasar Dandawa ce, harshensu kuma dangin Zabarmanci ne, amma kasuwar garin, wadda ke cikin mafiya girma a Benin, tana tara Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa da mutanen kudancin Benin. Zuwan Hausawa wannan yanki ba sabon abu ba ne. Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) sun nuna yadda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ke ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, suna kafa zango-zango a kan hanya.

Wanda ya nemi abin karantawa a kan Malanville zai tarar masana labarin ƙasa da tattalin arziki ne suka fi yin magana. John Igué da Bio Soulé (1992) sun bayyana Benin a matsayin ƙasar da ta zama rumbun ajiyar kayan da ake sake fitarwa zuwa maƙwabta. Olivier Walther (2008) ya yi nazarin kasuwannin Gaya da Malanville da Kamba, ya nuna cewa da yawa daga manyan 'yan kasuwar yankin baƙi ne da suka zo cin albarkacin iyaka, kuma harkarsu ta dogara ga amana da sanayya tsakanin mutanen ƙasashe uku. Aiki ne mai zurfi, sai dai bai sa harshe a gaba ba, domin ba shi ne fagensa ba. Ya nuna wa ke hulɗa da wa, ya bar tambayar da wane harshe ake ƙulla amanar, da wane ake taya kaya, da wane ake rantsuwa idan ciniki ya ɓaci.

Ta fuskar harshe kuwa, Petr Zima ya buga ƙamusun Dandanci na garin Jugu a 1994, Robert Nicolaï kuma ya yi nazarin kare-karen harshen Sanwai a 1981. A ɓangaren Hausa, akwai kundayen Ahmadu Bello Zariya da Abdulhamid Abubakar na 1982 a kan karin harshe, da littafin Bernard Caron na 1991 a kan Hausar Adar. Hausar bakin Kwara ta ɓangaren Benin ba ta sami kulawa irin wadda Adar ta samu ba.

Dalilan wannan giɓi a fili suke. Akwai katangar harshen mulkin mallaka: abin da aka rubuta a kan Benin da Nijar da Faransanci yake, ɗalibin Sakkwato ko Kano kuwa da wuya ya iya karanta shi, kamar yadda ɗalibin Jami'ar Abomey-Calavi ko ta Paraku, wadda aka kafa a 2001, ba ya samun kundayen da aka rubuta da Hausa a Nijeriya. Akwai kuɗin fita bincike, wanda ke sa ɗalibi ya zaɓi abin da zai iya nazarta daga ɗakinsa. Akwai kuma siyasa: bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar an rufe gadar Malanville, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata, jama'a suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa. Sai dai babban dalili shi ne ra'ayin da ya zauna a zukatan manazarta cewa Hausar da ta cancanci nazari ita ce ta tsakiyar ƙasar Hausa, ta bakin iyaka kuwa gurɓatacciya ce.

5.0 Tambayoyin da Ke Jiran Mai Bincike

Wannan ra'ayi ba shi da madogara a kimiyyar harshe. Wurin da harsuna suka yi cuɗanya nan ne ake ganin sauyi yana faruwa a gaban ido. Ga misalan abin da ɗalibi zai iya bincikawa da ilimin da ya riga ya samu a aji.

Na farko, karin harshe. Hausawan da suka fi kusa da Malanville su ne Kabawa da Arawa, masu karin yamma, inda ake cewa "munka" da "sunka" a maimakon "muka" da "suka", da "hwari" a maimakon "fari", da "tahi" a maimakon "tafi". Shin wannan kari ne ya rinjayi kasuwar, ko kuwa Kananci da ke zuwa ta rediyo da finafinai da bakin direbobi yana ture shi? Amsar tana iya bambanta tsakanin dattawa da matasa.

Na biyu, Hausar waɗanda ba Hausawa ba. An lura a wurare irin su Gana cewa masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu sukan yar da bambancin jinsi, su kuma daidaita ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k. Bincike a Malanville zai nuna ko haka abin yake a bakin Badande da Bazabarme, ko kusancinsu da ƙasar Hausa ya hana hakan.

Na uku, aron kalmomi. Abu guda yana da suna biyu a wannan yanki, gwargwadon Turawan da suka yi mulki: "duwan" da "kwastan", "kamiyo" da "babbar mota", "lakwal" da "makarantar boko". Wanda ke ciniki da mutanen ƙasashe uku dole ya san duka, kuma zaɓin da ya yi yana nuna wanda yake magana da shi.

Na huɗu, lissafin kuɗi. A ƙasashen sefa "dala" tana nufin sefa 5, "jika" kuma sefa 1,000, wato dala 200. A Nijeriya "jaka" ta kasance fam 100, wato naira 200. Yadda ɗan canji ke jujjuya waɗannan ma'anoni tsakanin sefa da naira fage ne na ilimin ma'ana da walwalar harshe a lokaci guda.

Muhimmancin waɗannan tambayoyi ya wuce cike kundi. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk mai tsara ƙamus ko littafin makaranta da za a yi amfani da shi a ƙetaren iyaka yana buƙatar sanin Hausar da ake yi a can. Idan manazarta Hausa ba su samar da wannan sani ba, za a yi tsarin a kan zato.

6.0 Kammalawa

An ga yadda tasirin magabata ya gina nazarin Hausa a jami'o'i, da yadda bin sawu ba tare da tambaya ba ya taƙaita shi. An ga kuma cewa ƙidayar ambato ba ta isa ma'aunin tasiri ba a fagen da yawancin ayyukansa ke cikin kundayen da na'ura ba ta gani. Abin da ya kamata ɗalibi ya ɗauka shi ne, idan ya zo bitar ayyukan da suka gabata, ya lura da garuruwa da rukunin jama'ar da ba a ambata ba, kamar yadda yake lura da waɗanda aka ambata. Su kuma sassan koyar da Hausa, sanya Faransanci na karatu a manhajar manyan digiri da musayar kundaye tsakanin Sakkwato da Yamai da Paraku za su rage wannan giɓi da kuɗi kaɗan. Parsons da Galadanci sun yi tasiri ne domin sun saurari harshen da kunnensu kafin su yi masa ƙa'ida. Ɗalibin da ya ɗauki na'urar naɗar magana ya zauna a rumfar masu albasa a Malanville, shi ne ya gaje su da gaske.