Tsokaci a Kan Littattafan Jagora ga Ɗalibin Rubutun Hausa na New Bell, Douala

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba littattafan da aka saba miƙa wa ɗalibi a darasin rubutun Hausa, domin a ga ko sun dace da wanda ya tashi a unguwar Hausawa ta New Bell, a birnin Douala na ƙasar Kamaru. Hausa yake yi a gida da kasuwa, amma da Faransanci ya fara riƙe alƙalami a makarantar boko.

2.0 Matsalar ɗalibin

Kuren wannan ɗalibi ba na rashin jin harshe ba ne, na sabon hannu ne. Yakan rubuta "tchiniki" maimakon ciniki, da "chinkafa" maimakon shinkafa, da "koudi" maimakon kuɗi. A misali na ƙarshe kure biyu ne: "ou" a gurbin "u", da yar da ƙugiyar "ɗ". Idan ƙugiya ta faɗi, ma'ana kan bi ta, kamar yadda ƙafa ke komawa kafa. Da irin wannan ake rasa maki, ko da tunanin da ke cikin insha'in mai kyau ne.

3.0 Littattafan

Ƙamusun Bargery na 1934 da nahawun Newman na 2000 rumbuna ne, sai dai da Ingilishi suke bayani, ba da harshen da mafi yawan ɗaliban Douala suka yi karatu da shi ba. Ƙamusun Faransanci zuwa Hausa na Caron da Amfani, na 1997, ya fi kusa da buƙatarsa, domin daga kalmar da ya sani yake kai shi ga ta Hausa. Illarsa ita ce yana nuna karin sauti da tsawon wasali, alhali rubutun yau da kullum ba ya nuna su. Ɗalibin da ba a faɗakar ba sai ya kwafe alamomin duka. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, Hausa yake fassarawa da Hausa, don haka ya fi amfani wajen tabbatar da rubutun kalma. Amma wanda ke neman "tchiniki" a ƙarƙashin "t" ba zai taɓa samun ta ba. Ke nan ƙamus ba ya gyara hannun da bai san baƙaƙensa ba.

4.0 Kammalawa

Littattafan ba su gaza a aikinsu ba. Ba wannan ɗalibi aka nufa da su ba. Ya kamata malami ya fara da jadawali mai kwatanta baƙaƙen Faransanci da na Hausa, sannan shifta, sannan ƙa'idar raba kalmomi da haɗe su. Bayan haka ne ƙamus zai yi wa ɗalibin rana.