Daga Randa Zuwa Akwatin Gilashi: Tarken Nunin Tukwanen Ladi Kwali a Landan

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin fasaha sun daɗe suna amfani da kalmar "tasiri" tamkar rafi ne mai gangara ta fuska guda, wato daga malami zuwa ɗalibi, ko daga Turai zuwa Afirka. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan fahimta ta hanyar tarken wani nuni da aka yi a zauren Two Temple Place da ke Landan a shekarar 2022, mai suna Body Vessel Clay, wato jiki da mazubi da yumɓu. Dakta Jareh Das ce ta tsara nunin, ta kuma gina shi a kan ayyukan Ladi Kwali, maginiyar nan 'yar ƙabilar Gwari wadda ta rasu a 1984.

2.0 Mafarin Cuɗanya

Kafin Ladi Kwali ta san wani Bature, ta riga ta ƙware a ginin hannu irin na matan Gwari, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a fadarsa. A nan ne Michael Cardew ya fara ganinsu a 1950. Shi kuwa Cardew almajirin Bernard Leach ne, wanda ya koyo sana'ar a Japan, ya kafa maginarsa a Ingila tare da Shoji Hamada a 1920. Ke nan fasahar da Cardew ya kawo cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, garin da ake kira Suleja a yau, ita kanta gauraye take, da kason Asiya a cikinta.

Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce kuma mace ta farko a wurin. Ta koyi gini a kan faifan juyi da shafa ruwan ƙyalli da gashi a rufaffen tanderu. Sai dai manyan tulunanta ba ta daina gina su da hannu ba, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi da hawainiya, sannan a cike tsagin zanen da farar ƙasa. Su ne suka ja hankalin jama'a a zauren Berkeley na Landan a 1958 da 1959 da 1962.

3.0 Abin da Nunin ya Gyara

Babbar nasarar nunin 2022 ita ce sauya mazaunin mutanen da ke cikin labarin. A da, akan ambaci Ladi a matsayin hazikar ɗalibar Cardew. A wannan karo ita aka sanya a matsayin tushe, aka jero waɗanda suka biyo bayanta. Hujja mafi ƙarfi a nan ita ce Magdalene Odundo, haifaffiyar Nairobi, wadda ta zo Abuja a 1974 bisa shawarar Cardew, ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da sauran matan cibiyar. Duk wanda ya dubi tukwanen Odundo, da yadda take goge su har su yi sheƙi ba tare da ruwan ƙyalli ba, zai ga cewa ilimi ya fita daga ƙasar Gwari zuwa Ingila kamar yadda wani ya shigo. Wannan ya isa ya rushe ra'ayin tasiri mai fuska guda.

4.0 Abin da Akwatin Gilashi ke Ɓoyewa

Duk da haka, akwai wata asara da irin wannan nuni ba ya iya nunawa da ido. Randar gargajiya ana gasa ta ne a fili, da itace da ciyawa, a wuta marar tsanani. Saboda haka jikinta yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu, idan iska ta busar da shi sai na ciki ya yi sanyi. Tulun da aka shafa wa ruwan ƙyalli, aka gasa a zafin da ya haura digiri 1,200, ya toshe waɗannan ƙofofi, ya kuma yi nauyin da ɗaukarsa zuwa rafi wahala ne. Siffar tulu tana nan, aikin tulu ya tafi. Farashinsa kuma ya wuce ƙarfin macen ƙauye da aka san tulu dominta.

Nan ne ya kamata manazarcin harshe ya tsaya. Hausa ta bambanta tulu da randa da tukunya da kasko, kuma kowane suna yana ɗauke da aikin mazubin. Idan aka tara su duka a ƙarƙashin lakabin "kayan fasaha", an shafe wannan bambanci. Hatta hatimin cibiyar, wato sunan Abuja da harufan Larabci, da nata hatimin na harufan boko, LK, shaida ce ta wani sabon abu. A al'adar matan Gwari hannun maginiya ake ganewa a jikin tukunya, amma kasuwar Turai sunan mutum guda take saye. Wannan ya ɗaukaka Ladi, ya kuma dusashe takwarorinta irin su Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, ana iya cewa cuɗanyar Abuja ciniki ce da kowane ɓangare ya bayar ya kuma karɓa, ba da ma'auni ɗaya ba. Ladi ta sami ɗaukaka: digirin girmamawa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, da hotonta a bayan takardar naira 20. Nunin Landan ya mayar mata da matsayinta na malama, wannan kuwa abin yabo ne. Abin da ya rage yana wuyan gidajen adana kayan tarihi na Nijeriya: su ajiye randa marar ƙyalli kusa da tulu mai ƙyalli, kowane da sunansa na Gwari da na Hausa, domin mai kallo ya ga abin da aka samu da abin da aka biya.