Haƙurin Ayuba: Mun Riƙe Farko da Ƙarshe, Mun Tsallake Tsakiya

Duk wanda ya saba hawa motar haya a garin nan ya san rubutun da direbobi kan yi a bayan mota da Turanci, wai lokacin Allah ya fi kowane lokaci. A majami'unmu ma haka abin yake. Magidanci ya rasa aiki, ko mace ta shekara goma ba haihuwa, sai a dafa kafaɗa a ce, "Yi haƙuri irin na Ayuba, lokacinka na nan tafe." Watan jiya na ji an faɗa wa wata maƙwabciyata wannan magana har ba iyaka, bayan gobara ta cinye shagonta na atamfa. Da kuka ya ci ƙarfinta ta ce ita ba ta san me ta yi wa Allah ba, sai wata cikin masu jaje ta kwaɓe ta, wai mai bi ba ya furta irin wannan. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na koma na karanta Littafin Ayuba tun daga farko har ƙarshe, in ga ko Ayuban da muke ambata shi ne na cikin littafin.

'Yan'uwanmu Musulmi da muke zaune tare a nan Sabo sun san Annabi Ayuba daga Alƙur'ani, kuma sunansa ya zama karin magana a bakin kowa. Ni dai a kan littafin da ke cikin Tsohon Alkawari zan tsaya, da yadda mu Kirista muke karanta shi.

Littafin yana da sura 42. Biyun farko labari ne kai tsaye. Ayuba mutumin ƙasar Uz ne, mai tsoron Allah, yana da tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun huɗa garma 500, jakuna mata 500, da 'ya'ya goma. Wanda ya san kasuwar dabbobi ba sai an fassara masa wannan lissafi ba. A yini guda mahara suka kwashe shanu da jakuna da raƙuma, wuta ta cinye tumaki, iska ta rushe gida a kan 'ya'yansa. Daga baya marurai suka rufe shi, ya koma cikin toka yana susa da tsingaro. Duk da haka bai zargi Allah ba. Ƙarshen sura ta 42 kuma labari ne: an mayar masa da dukiyarsa ninki biyu, ya ƙara shekara 140 a duniya.

To, nan ne wa'azinmu yakan tsaya. A ɗauko sura ta 1 da ta 2, a yi tsalle zuwa ta 42, a ce ga sakamakon mai haƙuri, kowa ya ce amin. Sura 39 da ke tsakani, waɗanda kusan dukansu waƙa ce, kuma su ne jikin littafin, sai a bar su kamar ba a rubuta ba.

Wanda ya buɗe sura ta 3 zai sha mamaki. Mutumin da muke kafa misali da shi ya buɗe baki ya la'anci ranar da aka haife shi. Can gaba yana cewa Allah ya mai da shi abin bara, yana neman a ba shi dama ya kai ƙara, yana kukan ba mai shiga tsakaninsu. A sura ta 21 ya tambayi abin da kowannenmu ya taɓa tambaya a zuci: me ya sa mugaye ke tsufa cikin wadata? A sura ta 31 ya jero laifuffuka ɗaya bayan ɗaya, ya rantse bai aikata ba, ya ce Allah ya amsa masa. Da a ce wani ya tashi a taron addu'a na ranar Laraba ya faɗi rabin wannan, da dattawa sun kira shi gefe.

Gwanintar marubucin ta fi fitowa a wurin abokan nan uku, Elifaz da Bildad da Zofar. Bai mai da su mugaye ba. Sun taso daga nesa, sun zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne jaje mafi kyau da suka yi. Da suka fara magana, maganar tasu tana da daɗi, kai ka ce daga bagade take fitowa: Allah mai adalci ne, mai kirki ba ya hallaka, ka tuba komai zai dawo. Sai dai duk lokacin da Ayuba ya ce bai yi laifi ba, sai su ƙara zafi. Bildad ya kai ga nuna cewa 'ya'yan da suka mutu zunubinsu ne ya ci su. Elifaz, wanda ya fara da lallami, a sura ta 22 ya ƙirƙiro wa Ayuba laifuffuka, wai ya hana mayunwaci abinci, ya kori gwauraye. Ka ga inda abin ya kai su: don kada ra'ayinsu ya faɗi, gara su yi wa amininsu ƙazafi. Mu ma fa muna yi. "Ki binciki kanki." "Anya kana fid da zakka?" "Akwai hannun mutanen gida." Duk jikokin Elifaz ne.

Da Allah ya yi magana daga cikin guguwa, daga sura ta 38 zuwa ta 41, bai ba Ayuba dalili ko ɗaya ba. Tambayoyi ya jero masa a kan kafuwar duniya, da taskar ƙanƙara, da haihuwar awakin dutse, da jakin jeji, da jimina, da ruwan da ke sauka a hamadar da ba kowa. Mu masu karatu mun san abin da ya gudana tsakanin Allah da Shaiɗan a farkon littafin, amma Ayuba har labarin ya ƙare ba a gaya masa ba. Ya yi shiru, ya janye maganarsa, ya ce a da labari yake ji, yanzu ya gani. Sannan sai ga hukuncin da ba kasafai ake karanta mana ba, a sura ta 42 aya ta 7: fushin Allah a kan abokan ne, domin ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda Ayuba ya yi. Masu kāre Allah su aka umarta su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, mai kukan kuma shi aka ce ya yi musu addu'a.

Saboda haka haƙurin da ke cikin littafin nan ya bambanta da wanda aka nema daga maƙwabciyata. Ayuba ya yi kuka, ya yi gardama, har ya wuce gona da iri, amma duk maganarsa Allah yake fuskanta, bai juya masa baya ba. Wasiƙar Yakubu, sura ta 5 aya ta 11, ita ce ta yabi Ayuba a Sabon Alkawari, kuma kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a wurin ta fi kusa da abin da muke kira jimiri. Mai jimiri yana iya nishi da kaya a kai, abin da ba ya yi shi ne jefar da kayan.

Batun lokaci kuma, littafin bai faɗi tsawon wahalar ba. Ayuba ya ambaci watanni, shi ke nan. Ba wanda ya sa masa rana. Wannan ya isa ya sa mu yi hattara da masu cewa kafin ƙarshen wata za ka ga abin al'ajabi in ka ba da kaza. Wata ya ƙare, abu bai zo ba, sai mutum ya koma gida da wahala biyu: tasa ta da, da zargin cewa bangaskiyarsa ce ba ta kai ba.

Ba zan ce littafin bai bar ni da ƙorafi ba. Ƙarshensa yana iya ruɗar mai karatu, domin bayan an rushe koyarwar abokan, sai ga tumaki 14,000 da raƙuma 6,000, kamar dai abin da suka yi alkawari tun farko. Daga nan ne masu tsalle suke samun madafa. An haifa masa wasu 'ya'ya goma, amma duk wadda ta taɓa binne ɗa ta san sabon jariri ba ya cike gurbin wanda ya tafi. Matarsa, wadda ita ma ta rasa goma, magana ɗaya tak aka ba ta, kuma da ita ake zaginta har yau. Barorin da aka kashe ba a sake tuna su ba. Shi kuwa saurayin nan Elihu, ya cinye sura shida yana bayani, daga 32 zuwa 37, daga baya ko sunansa ba a ƙara ambata ba. A ganina ya ja labarin a daidai lokacin da mai karatu ya ƙosa ya ji amsar Allah.

Amma akwai aya ɗaya a ƙarshen da nake so mutanen unguwarmu su duba, wato ta 11. 'Yan'uwan Ayuba maza da mata da tsofaffin idon sani suka zo gidansa, suka ci abinci tare da shi, kowa ya ba shi kuɗi da zoben zinariya. Waɗannan fa su ne ya yi kuka a sura ta 19 cewa sun guje shi. Sun makara, amma da suka zo ba su zo hannu rabbana ba, kuma wannan gudummawa ita ce abu na farko da littafin ya nuna ya shiga hannunsa. Mu da muke zaman baƙunta nesa da gida mun san wannan hanya sarai. Da yawa cikinmu da jarin da maigida ya ba mu muka tsaya da ƙafafunmu, wasu da adashi, wasu da karo-karon 'yan gari ɗaya.

Shawarata ga fastocinmu da shugabannin zumuntar mata ita ce a ware makonni a karanta littafin nan dukansa da Hausa, a bar mutane su ji muryar Ayuba yadda take. Mu kuma masu zuwa jaje, mu koyi kwana bakwai na farko na abokan, mu rage bayani. Maƙwabciyata har yanzu ba ta buɗe shago ba, kuma ban san ranar da za ta buɗe ba. Wanda ya je ya ce mata lokacin Allah na zuwa, ya tafi da turmin atamfa ko da guda ɗaya ne.