Harsashin tagulla shawara ce mai kyau, amma ba da maharbin Gumel aka yanke ta ba

Idan kana bibiyar rubuce-rubucen masana muhalli kan farauta, tabbas ka ci karo da wannan kira: maharbi ya bar harsashin dalma, ya koma na tagulla. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta haramta dalma a kowace irin farauta tun 2019, Denmak ma ta rufe ƙofar gaba ɗaya a 2024. Ni dai na gamsu da hujjarsu. Inda nake da ja shi ne yadda ake miƙo mana shawarar a dunƙule, kamar maharbin Sule Tankarkar da na Kalifoniya bindiga iri ɗaya suke saɓawa.

Bari mu fara ba su gaskiyarsu. Dalma tana da taushi. Idan harsashinta ya daki dabba da gudu, ba ya tsayawa a dunƙule, tarwatsewa yake yi zuwa ɗaruruwan ɓarɓashi, wasu ido ba ya ganinsu, haƙori ma ba ya jinsu. A wani bincike da aka wallafa a 2009, an harbi barewa 30 a Amurka, aka niƙa namansu, aka ɗauki hotonsa da na'urar hoton ƙashi. An ga ɓarɓashin ƙarfe a naman kashi 80 cikin 100 na dabbobin. Da aka ciyar da aladu irin wannan nama, sai dalmar jininsu ta hau. A jihar Minesota kuwa, gwajin da aka yi a 2008 da gawarwakin tumaki ya gano ɓarɓashi har kusan santimita 45 daga inda harsashin ya ratsa. Harsashin tagulla bakinsa kawai ke buɗewa, ya fita kusan da duk nauyinsa.

Mu kuma ba baƙin gubar dalma ba ne. Ka tuna Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana shan ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke sha. Mai cewa "kakanninmu sun ci ba abin da ya same su" ya manta cewa 'yar kaɗan ɗin ba ta kayar da mutum nan take. Fahimtar yaro take ragewa a hankali, ba wanda zai ce laifin naman ne.

To, sai mu dawo gida. Wane babban naman daji ya rage tsakanin Gumel da Maigatari? Daji ya zama gona. Abin da ake samu bayan an kawar da amfanin gona shi ne zomo, fakara, zabon daji, gafiya, kurciya. Farautar gayya ma yawanci da karnuka da gora ake yinta, babu dalma ko ɗaya a ciki. Mai bindigar kuma, in ba ta toka ba ce, to mai cin kwanson da ke cike da ƙananan ƙwayoyin dalma ce. Harsashin tagullar da ake tallatawa an ƙera shi ne don bindiga mai dogon zango, wadda maharbinmu ba ya da ita.

Ga kuma abin da masu kiran ba sa ambatawa. Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyos. Gwangwani da garwashin gawayi sun isa. Tagulla sai ta kai 1,085. Shi ya sa dalma ta zauna daram a jakar maharbi: tana da araha, ana samunta a mataccen batirin mota, mutum zai iya sarrafa abinsa da kansa. Nan ne kuma haɗarin da ya fi damuna yake. Wanda ya fasa batir ya narka dalma a zaure ko bayan ɗaki yana barin ƙurarta a ƙasar da yara ke rarrafe. Ka ga wannan ya fi kama da labarin Bagega fiye da na Kalifoniya.

Kada ka ɗauka naman ya tsira. Gaskiya ne ƙwayar bindigar toka ba ta da gudun da za ta tarwatse kamar wancan harsashi, amma fakara 'yar ƙarama ce, kuma da ita da ƙwayar ake jefawa a tukunya. Masu bincike a Sifen sun nuna cewa dafa tsuntsun da aka harba cikin ruwa mai tsami yana ƙara narkar da dalma ta shiga naman. Yanzu tuna miyarmu: tumatir, yakuwa, tsamiya.

A Turai da Amurka, ƙwayar baƙin ƙarfe ce ta maye gurbin dalma wajen harbin tsuntsaye, ba tagulla ba. Amurka ta hana dalma a harbin agwagin ruwa tun 1991, domin tsuntsaye na tsintar ƙwayoyin a laka su haɗiye a matsayin tsakuwa, abin da ya kamata masu kula da dausayin Baturiya su sa wa ido. Sai dai baƙin ƙarfe yana da tauri, yana iya lalata bututun bindigar da maƙeri ya haɗa a gida. Ba zan ce wa kowa ya gwada ba.

Abin da ke hannun maharbi yau ba ya buƙatar sayen komai. Ya tsince ƙwayoyin kafin girki, ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne shi inda kare da ungulu ba za su tono ba. Yara da masu juna biyu a ba su naman da kare ko tarko ya kama. Narka dalma ya bar cikin gida, kuma tukunyar da ta taɓa ta kada ta sake ganin abinci. Mu masu bincike kuma, maimakon kwafo ƙasidar Amurka, sai mu nemi Sarkin Baka ya ba mu fakara goma da aka harba a dajin Gagarawa, mu sa su a na'urar hoton ƙashi, mu koma mu nuna masa hoton.