Allon da Ke Jikin Rijiyar Burtsatse: Nazari

A bakin unguwarmu a Zurmi akwai rijiyar burtsatse da wani kamfani ya haƙa. Ta yi aiki shekara biyu, famfon ya lalace, ba a sake waiwayar ta ba. Allon da aka kafa a gefenta kuwa yana nan daram, ko fentinsa bai koɗe ba. Na ɗauki wannan allo a matsayin matani, kamar yadda ake ɗaukar waƙa ko ƙagaggen labari, domin in auna abin da ya faɗa da wanda ya yi shiru a kai.

Tauraron matanin shi ne kamfanin: sunansa da tambarinsa sun cinye rabin allon. Al'umma kuwa sai a ƙarshen jimla ta bayyana, a matsayin karɓau. Kalmar da ta ɗaure zancen ita ce "kyauta", kuma ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Bahaushe ya san bambancin kyauta da hakki. Ko zakka ba alfarma ba ce, hakkin mabuƙaci ce a cikin dukiyar mawadaci. Wanda aka yi wa kyauta tasa godiya ce, ba shi da bakin tambayar ranar gyara. Shi ya sa aikatau duka na shuɗaɗɗen lokaci ne: "an haƙa", "an miƙa". Babu "za a gyara".

Ban musanta amfanin rijiyar ba. Shekara biyun nan mahaifiyata ta huta da sayen ruwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai matanan da suka zaɓi wata kalma. Dokar kamfanoni ta Indiya ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a ayyukan al'umma. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta shardanta yarjejeniya da al'ummar wurin kafin a fara haƙa. Doka ba ta rufe kowace ƙofa ba: shekara uku bayanta, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara kimanin 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Amma yarjejeniya tana da ɓangare biyu, ana iya ɗaukar ta a kai ƙara. Allonmu murya ɗaya gare shi, bai ma bar adireshin da mai unguwa zai aika takarda ba, kuma 'yan ga-ruwa a inuwarsa suke jingine kurarsu.