'Kalki 2898 AD': Mun Ga Faɗa, Ba Mu Ga Labari Ba

Mai karatu, in ka na cikin masu kai waya shagon tura finafinai a Kiyawa ko Shuwarin ko cikin Dutse, to ka san irin tambayar da a ke yi wa mai shago: "Akwai faɗa?" In ya ce akwai, shi kenan ciniki ya faɗa. A kan wannan ma'aunin, 'Kalki 2898 AD' na darakta Nag Ashwin, wanda ya fito a watan Yuni na 2024, ya ci jarrabawa. Akwai faɗa kamar ba gobe. Amma ka tambayi wanda ya gama kallon sa'o'i ukun nan: wane ne Kalkin? Me ya sa wancan dogon tsoho ba ya mutuwa? Sai ka ji an ce ma ka, "Ai aljani ne." Wani ma cewa zai yi boka ne.

Ba aljani ba ne, ba kuma boka ba ne. Matsalar kuwa ba ta faro daga wannan fim ba. Tun wajen 1960 da Kwarori su ka riƙa shigo da finafinan Indiya sinimomin Kano, iyayen mu ke kallon su, mu ma mu ka gada. Mun haddace waƙoƙi, mun raɗa wa jarumai sunaye, Dharmendra sarkin ƙarfi, Govinda sarkin rawa. 'Yan bandiri irin su Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin waƙoƙin sun zuba begen Manzon Allah (SAW) a ciki. Wato dai mun ƙware wajen ɗaukar ƙwarya mu zubar da abin da ke ciki. A fim ɗin soyayya wannan dabarar ta na aiki, don kishi da auren dole ba su buƙatar tafinta. A 'Kalki' kuwa, in ka zubar da abin da ke ciki, ƙwaryar ma ba ta da amfani.

Bari mu ɗan yi karatu. Mabiya addinin Hindu su na da manyan abubuwan bauta uku da su ke haɗawa su kira Trimurti (masu tuna fim ɗin Jackie Shroff da Anil Kapoor da Shah Rukh Khan na 1995, ga inda a ka samo sunan). A imanin su, Barahma ne mai halitta, Bishnu mai raino da tsare duniya, Shiba kuma mai rushewa don a sake sabon gini. Kowanne da matar sa: Saraswati ta ilimi, Lakshmi ta arziki, da Farbati, wadda a ke kuma bauta wa a siffar Durga ko Kali. Da yawa daga cikin malaman su na cewa duk waɗannan fuskoki ne na abu guda. Abin mamaki, Barahma da a ka ba aikin halitta shi ne ya fi ƙarancin ɗakunan bauta; wanda a ka fi sani ya na Pushkar, a jihar Rajasthan. Jama'a ta fi raja'a ga Bishnu da Shiba da kuma macen nan, shi ya sa su ne ke cika ma ka allo.

Inda maganar ta shafi fim ɗin mu shi ne kan Bishnu. Sun yi imani cewa duk lokacin da zalunci ya yi wa duniya katutu, ya kan sauko cikin wata siffa ya gyara. Wannan saukowar ita ce "abatar", kalmar da James Cameron ya ara ya sa wa fim ɗin sa na 2009. Lissafin da ya fi shahara goma ne. Ya zo a kifi ya ceci Manu daga ruwan ɗufana, ya zo a kunkuru, a gyado, a rabi mutum rabi zaki, a wada, a Farashurama mai gatari, sannan Rama, sannan Kirishna. Na tara akwai saɓani, wasu su ce Buddha, wasu su sa Balarama a jerin. Na goma kuwa, a cewar su, bai zo ba tukuna. Shi ne Kalki, wanda zai bayyana a kan farin doki da takobi a ƙarshen zamani na huɗu, zamanin lalacewa da su ke kira Kali Yuga, wanda su ke ganin a cikin sa mu ke yanzu.

To ka ga ashe jarumin da a ka sa wa fim ɗin sunan sa ko haihuwar sa ba a yi ba. Ya na cikin Sumathi (Deepika Padukone), matar da ta tsero daga fadar Yaskin (Kamal Haasan), azzalumin da ke tatsar ruwan jikin mata masu ciki don ya tsawaita ran sa. Shi kuma dogon tsohon, Amitabh Bachchan, Ashwatthama ne, jarumi daga Mahabharata. A ƙarshen yaƙin Kurukshetra ya yi yunƙurin kashe jaririn da ke cikin Uttara, sai Kirishna ya tsine masa da rayuwa, ya yi ta yawo da miki a goshi ba mutuwa. Nag Ashwin ya ɗora nasa a kai: wanda ya nemi halaka ɗan tayi, kaffarar sa ita ce ya tsare wani ɗan tayin bayan shekara dubu shida. Nan ne zuciyar fim ɗin. In ba ka san wannan ba, tsoho ne kawai ke jifar mutane da mota. In ka sani, duk naushin da ya kai biyan bashi ne.

A gaskiya Amitabh ne ya ɗauki fim ɗin a ka, ya na da shekara 81 a lokacin. Prabhas, a matsayin Bhairava, ya ɓata ma na kusan rabin farko da barkwanci shi da motar sa Bujji, barkwancin da bai kai ko na Ibro a ranar da bai shirya ba. Deepika an bar ta da gudu da zare ido. Hamadar da motocin kuwa, duk wanda ya ga 'Mad Max' ya san gidan da a ka yi aro. Amma na yaba wa darakta abu ɗaya: bai nuna fuskar Kirishna ba, inuwa ce da murya. Ya san nauyin abin a wurin mutanen sa. Ai a Indiya wannan ba wasa ba ne. N.T. Rama Rao ya yi ta fitowa a Kirishna har jama'a su ka riƙa kallon sa da wata daraja ta dabam, a 1983 ya zama shugaban gwamnatin jihar Andhra Pradesh. Arun Govil, Rama na shirin talbijin ɗin 'Ramayan' na 1987, ya ci kujerar majalisar ƙasa a 2024. Kai, fim ɗin su na farko ma, 'Raja Harishchandra' na 1913, daga irin waɗannan labaran a ka ciro shi.

Akwai wani bambanci da 'yan kallon mu ke cakuɗawa. Saukowar Bishnu dabam, sake haihuwar ɗan'adam dabam. Ka tuna 'Karan Arjun' na 1995? Salman da Shah Rukh mutane ne kamar kowa, a ka kashe su, uwar su (sunan ta ma Durga) ta je gaban Kali ta yi ta roƙo, su ka dawo a wasu gidajen. Wannan ya fi kusa da abin da tsofaffin mu ke faɗa kan ɗan wabi, mai tafiya ya dawo. Kuma sunayen ba a banza a ka zaɓe su ba: Karna da Arjuna 'yan uwa ɗaya ne a Mahabharata, amma su ka yaƙi juna har Arjuna ya kashe yayan sa bai sani ba. Rakesh Roshan ya haɗa kan su. A 'Kalki' duka biyun na nan: jaririn sauka ce, shi kuma Bhairava, ashe Karna ne ya dawo.

Na san wani zai ce, "Malam, ina ruwan Musulmi da lissafin gumaka?" Tambaya ce mai kyau, kuma ni ma ban ce kowa ya gaskata ko ɗaya ba, aƙidar mu a fili ta ke, Allah ɗaya ne, bai sauko cikin kowa ba. Amma fim ɗin ya riga ya shiga wayar ƙanen ka, ba izinin ka ya jira ba. Saura zaɓi biyu, ya kalla ya san me ya ke kallo, ko ya kalla a makance. Kuma sanin abin da Kuraishawa ke bauta wa bai taɓa fitar da mai karatun Sira daga Musulunci ba.

Nan ne na ke da magana da masu fassarar Indiya-Hausa. Na sha jin inda jarumi zai tsaya gaban mutum-mutumin Shiba, a sa masa "Ya Allah" a baki. Wannan ya fi komai haɗari, don yaro na ganin sassaƙe ya na jin sunan Ubangiji. Wasu kuma su mai da wurin barkwanci, a ce "dodon su", a wuce. Na farko ya ɓata tauhidi, na biyu ya ɓata labari, ya kuma wulaƙanta abin da mutum sama da biliyan ɗaya ke girmamawa. Mene ne wahalar a ce "abin bautar su Shiba"? Mene ne wahalar ɗaukar minti biyu a farkon fim a ce, jama'a, ga abin da masu wannan labari su ka yi imani da shi? Masu rubuta ma na labari a Kano su ma su ji: kafin ka wanke fim ɗin Indiya, bincika ginshiƙin sa. 'Hum Saath-Saath Hain' na 1999 da mu ke ɗauka labarin zumunci ne kawai, Ramayana ce a ka sa wa kwat, har da uwar gida da a ka zuga ta kori babban ɗa.

'Kalki' bai ƙare ba, an yanke shi ne a tsakiya don kashi na biyu, dabi'ar da mu ma mun san ta a industirin mu. Wanda zai sake kallo, ya sa ido kan baka guda biyu a ƙarshe. Sandar da Ashwatthama ke dogarawa, wadda ta farka a hannun Bhairava, bakan Karna ce. Wadda Yaskin ya ɗaga kuwa Gandiba ce, bakan Arjuna.